Ruwan Saman da Na Yi da Rani

Babana bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wajenmu, can ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, ɗan fari abin jin kunya ne ga iyayensa. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a yi masa wasa, in ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai ka bar wani ya ɗaga shi. Iyayena sun shiga addinin Kirista tun kafin a haife ni. Sun bar tsafi, sun bar giya, amma wannan kunyar ba su bar ta ba, kuma ban ga alamar sun taɓa tunanin barinta ba.

In Baba yana so in yi wani abu, sai ya ce wa ƙanena, “Gaya wa wancan ya kai wa jaki ruwa,” alhali ina zaune dab da shi. A gona kuwa, in mu biyu ne kaɗai, babu ɗan aike, sai ya koma yi wa jakin magana. Wani tsohon jaki ne mai yagaggen kunne, ba shi da aiki sai taurin kai da cin karan mutane, amma ya sha karatun da ɗan sarki bai samu ba. Baba zai dafa wuyansa ya dubi gabas ya ce, “Kai jaki, ka ga hadarin can? Bar shi, na ƙarya ne, iska za ta cinye shi.” Wata rana kuma sama fes, rana tana dukan ƙeya, sai ya ajiye fartanya ya buɗa hanci ya ce, “Jaki, ka ji ƙamshin nan? Hanci ke fara jin ruwa, kunne ya biyo baya, ido shi ne na ƙarshe.” Sai mu shiga bukka, ya ci gaba da yi wa jakin bayani daga ciki. Ga iska ta taso, in ji shi. Ga ta ta kwanta. “To, ka ji shirun nan? Ko tsuntsu ba ya motsi. In ka ji shirun nan, tattara kayanka.” Kafin ya rufe baki sai ka ji ɗigon farko ya faɗo.

Duk yankinmu an san shi da wannan. Ba shi da sarauta, ba shi da shanu, amma in damina ta gabato, magidanta har daga wasu unguwanni sukan zo ƙofar gidanmu su tambaye shi ko a yi shuka ko a dakata. In ya ce wannan ruwan yaudara ne, ba mai zuba iri. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, ko da yake ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka kai ni makarantar kwana ta mishan, a wani gari mai kasuwar auduga, tafiyar wuni daga gidanmu. Ni kaɗai ne ɗan ƙauyenmu a can. Karatu bai ba ni wuya ba, baki ne ya ba ni. Ina da i'ina, irin mai tsananin nan wadda kalma za ta maƙale a maƙogwaro, ka yi ta buga ƙafa a ƙasa kafin ta fito. Yara kuwa ba su san tausayi ba, sun kwaikwaye ni har sun gaji. Saboda haka na zama mai shiru, ana ganina kamar wani dolo.

A shekarata ta ƙarshe aka kawo mana wani sabon malami, saurayi siriri mai yawan dariya, wanda ya taɓa yin ɗan aiki a wani gidan rediyo a Kaduna kafin ya koma koyarwa. Shi ya ce ajinmu zai yi wasan kwaikwayo ranar da za a tashi hutun Kirsimeti, a gayyato iyaye su gani. Shi ya tsara labarin da kansa: wani gari ne ruwa ya ƙi sauka, mutane suka yi ta zargin juna, sarki yana zargin maƙeri, maƙeri yana zargin mata, har sai da suka shirya tsakaninsu, sannan a ƙarshen wasan ruwa ya kece. Ajin ya kaure da rigima, kowa sarki yake so ya zama. Ni ma a zuciyata sarkin nake so, amma na san sarkin da zai kwana a kan kalma guda ba a yi shi ba. Na koma bayan aji na zauna.

Da Malam ya gama raba masu fitowa, sai ya ce mu da muka rage mu biyo shi. Mun ɗauka shara za a ba mu. Ya kai mu babban ɗakin taro, ya wuce da mu can bayan dandamalin da aka yi da bencina, inda ba kowa sai tarkacen kujeru. Ya ce, “Ku zauna. Wancan ajin 'yan gaban labule ne. Ku ne 'yan bayan labule, kuma ku na fi bukata.” Wani ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Malam ya ji, ya yi dariya ya ce, “Wanda aka ajiye wa tuwo malmala kawai yake gani. Ba ya ganin mai surfe, ba ya ganin mai niƙa, ba ya ganin wadda hayaƙi ya cika wa ido. To, ku cire su ku ga ko za a ci.”

Daga nan ya shiga ba mu labarin abin da ya gani a birni. Ya ce akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ba a taɓa ganin fuskarsu ba, amma da ita suke ci da iyalinsu. Akwai mai ɗinka kayan 'yan wasa, akwai mai zana bango ya mai da shi daji ko fada, akwai mai kula da fitila, akwai mai zama a lungu yana raɗa wa wanda ya manta maganarsa. Ya ce a gidan rediyon ya san wani magidanci mai mata da 'ya'ya, aikinsa shi ne ya buɗe ƙofa ya rufe, ya taka tsakuwa, ya buga ɓawon kwakwa a kan tebur a ji kamar doki na sukuwa. Muka fashe da dariya, muka ce Malam ya fara shara ƙarya. Ya dafa ƙirji ya ce gaskiya yake faɗa. Ni ban yi dariya ba. Tunda nake ban taɓa jin aikin da ake yi wa mutane magana ba tare da an buɗe baki ba sai ran nan.

Ya rarraba mana aiki. 'Yan mata biyu suka ɗauki ɗinki, su ne suka yi wa sarki gemu da auduga da ƙaro. Wani ƙato aka ba shi igiyar labule, labulen kuwa zannuwan gadonmu ne aka harhaɗa. Wani aka ba shi fitilu masu famfo. Da ya zo kaina sai ya miƙo mini faifai da mudun dawa ya ce, “Kai ne mai ruwa. Duk wasan nan ruwanka yake jira, in bai sauka ba mun yi aikin banza. Ni ɗan birni ne, kai ka fito daga gona. Je ka nemo mana shi.” Ban san ya lura da ni ba sai ranar. Da wannan faifan na fara aikin da na ci abinci da shi har na tsufa, a gidan rediyo da wuraren wasa, kuma har gobe in na ga ana tafa wa 'yan gaba an manta da na baya, raina ɓaci yake yi. Amma ba labarin aikina zan ba ku ba.

Na ɗauki abin nan da zafi kamar an ba ni riƙon gari. Da farko na juya dawa a faifai, na ji ai wannan tankaɗe ne, ba ruwa ba. Na samo wani tsohon kwanon rufi a bayan ɗakin girki, na gwada zuba masa abubuwa iri-iri. Wake, in ka sake shi ɗaya-ɗaya, shi ne manyan ɗigon nan na farko. Dawa ita ce ruwa in ya fara kankama. Gero kuwa, in ka tuttulo shi daga ƙwarya, shi ne mai kamar da bakin ƙwarya ɗin. In ka riƙe kwanon ta gefe ka girgiza a hankali, ga cida tana gunguni daga nesa. Ganyen kara busasshe da tabarma suka ba ni iska. Duk da haka da na haɗa su sai na ji da saura. Ina zaune ina tunani sai muryar Baba ta faɗo mini, yana dafe da wuyan jaki: hanci ke fara ji. Na je gonar makaranta na kankaro busasshiyar ƙasa wadda rana ta gasa, na cika tasoshi, na yayyafa mata ruwa. Ƙamshin ruwan farko ya tashi, har sai da tsikar jikina ta tashi. Na samu yara biyu da za su riƙa fifita shi da tabarma ta ƙarƙashin labule zuwa wajen 'yan kallo.

Ranar da na gwada wa Malam, da na zo wurin shirun nan na tsakanin iska da ɗigon farko, sai ya ɗaga hannu ya ce ko na manta ne. Na girgiza kai. Da ƙyar na fitar da cewa haka ruwa yake yi. Ya ce in sake daga farko. Na sake, ya saurara ido rufe, sannan ya ce, “Bar shi yadda yake, kada ka taɓa komai.”

Dokoki biyu ya kafa mana. Ta farko, ɗan bayan labule ba ya leƙe, ba ya tari, ba a san yana nan ba. Ta biyu, in ka fara aikinka ba ka tsayawa sai an ba ka alama, ko da rufin ɗakin ne ya faɗo. Amma ya ce a wannan karon zai karya ta farkon da kansa. Da zarar ruwa ya sauka an gama wasa, zai sa a yaye labulen baya, kowannenmu ya tsaya da kayan aikinsa a hannu, ya kira mu da sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa iyaye abin da kowa ya yi. Ya ce yana so su san wannan ma aiki ne, ɗansu zai iya rayuwa da shi.

Tun daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai wannan. Baba ba zai iya kiran sunana ba, amma ba abin da ya hana shi ji. Ina so a kira sunan nan da ƙarfi a cikin taro, yana zaune, a ce wannan yaron shi ya yi ruwan da kuka ji. Na san ba zai tafa ba, na san ƙasa zai duba, ko ya shiga gyara hularsa. Wannan ma ya ishe ni. Sai dai ban sa rai sosai zai zo ba, don uba ba ya takawa wuni guda saboda ɗan fari, mutane su ji su ce me.

Ashe ya samo dabara. An aika wa iyaye saƙo ta bakin masu bishara na ƙauyuka, ya ji. Sai kawai ya ƙi kai audugarsa kasuwar da ke kusa da mu, ya ce wai ma'aunin can bai gamshe shi ba, ta garin makarantarmu zai kai. Ya kuma zaɓi ranar wasan. Tun cikin dare ya taho da ƙanensa, Baffana, wani mutum mai barkwanci wanda ba ya iya ganin abin dariya ya bar shi ya wuce. Da hantsi ina ɗauko tasoshin ƙasata sai na hango jakinmu mai yagaggen kunne ɗaure a gindin ɗorawar da ke gaban ɗakin taro, an sauke masa kaya, ga buhunan auduga jingine da itacen. Layin awo ya yi tsawo a kasuwa, suka ce bari su ɗan huta a makaranta tukuna. Hutawa dai. Na tsaya riƙe da tasa, farin ciki kamar ya kashe ni. Na ga audugar nan da idona, amma ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Da azahar aka fara, don iyaye su samu komawa da sauran rana. An toshe tagogi da zana da barguna, an rufe ƙofa, ɗakin ya yi duhu, sai hasken fitilun da ke kan dandamali. Na karya dokar Malam sau ɗaya, na leƙa ta wata 'yar ɓula a labule. Ga Baba can a benci na kusa da ƙofa, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Duk yaron da ya fito sai Baba ya ɗan miƙa wuya ya dube shi, sannan ya koma ya zauna daidai. Sarki ya fito, maƙeri ya fito, mata suka fito, har da wani yaro da aka sa wa fata ya zama akuya. Ina kallonsa yana neman fuskata a cikinsu. A raina na ce, yi haƙuri Baba, saura kaɗan.

Da lokaci ya yi na hau tebur, inda muka rataye kwanon can sama kusa da rufin ɗakin. Malam ya ɗaga mini yatsa. Na yi wa yarana alama suka yayyafa ruwa a ƙasar, suka shiga fifita. Na ji 'yan kallo sun ɗan motsa, wani tsoho ya ja hanci. Muka saki iska, ganyen kara yana kaɗawa, wani ya buga murfin taga sau biyu. Na girgiza kwano, cida ta yi gunguni. Sannan muka tsaya cak. Ɗakin nan ya yi tsit, ko tari babu. Na bar shirun ya kai inda Baba yake barinsa a bukka, sannan na saki ƙwayar wake ɗaya. Na saki ta biyu. Na bi da dawa, na ɗauki ƙwaryar gero na fara tuttulawa.

Sai na ji benci ya faɗi, wata murya ta tashi da ƙarfi: “Auduga! Jama'a, auduga tana waje!”

Ko a cikin barci na san muryar nan. Duk manomi ya san abin da ruwa ke yi wa auduga: in ta jiƙe ta yi ja, malamin awo ya mai da ita lamba biyu mai ƙarancin kuɗi, wahalar shekara ta tafi a banza. Baba bai tsaya tunanin cewa watan Kirsimeti ake ciki ba. Hancinsa ya ji, kunnensa ya ji, ya ji shirun, jikinsa ya tashi kafin hankalinsa. Ya banke ƙofa, Baffa da wasu magidanta suka rufa masa baya. Rana ta faɗo cikin ɗakin, fara tas, sama ko ɗigon girgije babu.

Aka yi jim, sannan dariya ta ɓarke. Ban taɓa jin irinta ba. Mata suna riƙe ciki, yara suna buga benci, sarkinmu na wasa ya yi dariya har gemunsa ya faɗi. Ni kuwa ina kan tebur da ƙwarya a hannu. Na dubi Malam, bai ba ni alamar tsayawa ba, don 'yan wasa ba su gama maganarsu ta ƙarshe ba. Na ci gaba da zuba gero. Ina jin ana yi wa ubana dariya, ina zuba ruwan da ya jawo masa, hawaye yana bin fuskata, ban tsaya ba sai da ƙwaryar ta ƙare.

Sauran magidantan suka dawo suna dariyar kansu, suna kaɗa kai. Su ai bi suka yi, ba su suka yi ihu ba. Aka yaye labulen baya kamar yadda Malam ya yi alkawari. Ya kira masu ɗinki, ya kira mai fitila, ya kira mai igiya. Ya bar ni a ƙarshe. Ya kama hannuna ya ɗaga, ya kira sunana da ƙarfi har sau biyu, ya ce, “Ga wanda ya yi muku ruwa da rani.” Ɗakin ya ɗauki tafi da guɗa, wani tsoho ya taso ya dafa kaina. Ni bencin kusa da ƙofa nake kallo. An tashe shi an gyara, amma ba kowa a wurin da Baba ya zauna. Da aka sallame mu na ruga gindin ɗorawa, ban tarar da komai ba sai kashin jaki da 'yan guntayen auduga a ƙasa.

Washegari na isa gida, na tarar labari ya riga ni. Baffa ya baza shi ko'ina, yana yi yana kwaikwayon yadda Baba ya tattare riga ya yi waje. Ba da mugunta yake yi ba, shi dai abin dariya ya samu. Amma abin ya faɗa daidai inda yake da ciwo. Mutumin da ake zuwa tambaya ranar shuka, shi ne 'yan makaranta suka ruɗa da tsabar gero. Abokan wasansa in sun gan shi sai su dubi sama su ce, “Maigida, yau za mu shanya kaya ko hadari ya haɗu?” Yakan yi murmushin dole ya wuce. Ya rage zama a dandali. Shi da Baffa ba su ga lokacin da aka yaye labule ba, ba kuma wani ɗan ƙauyenmu a ɗakin, saboda haka ba wanda ya san hannun wa ke ciki.

Ana nan wata safiya muna ɗaure kara a gona, mu biyu, sai ya dafa wuyan jakin. Na dakata da ɗaurin. Ya ce, “Kai jaki, mun je mun ga 'ya'yan mutane. Wani sarki, wani maƙeri, har da wanda ya zama akuya. Namu ko akuyar ba a ba shi ba.” Bai faɗa da faɗa ba, a hankali ya faɗa, kamar mai ba kansa haƙuri. Na buɗe baki in ce ni ne, kalmar ta maƙale. Na buga ƙafa, na buga, ba ta fito ba. Kuma ko da ta fito, me zan ce? In na yi shiru, ni ne ɗan da bai isa a ba shi ko akuya ba. In na faɗa, ni ne ɗan da ya mai da ubansa abin dariya a gaban jama'a. Ya ɗan jira, bai dube ni ba, sannan ya ɗora wa jakin kara muka kama hanya.

Mutum ɗaya nake iya buɗe wa cikina a gidan, ita ce kakata, mahaifiyar Baba, wadda take kirana mijinta tana tsokanata da cewa ban iya cefane ba. Na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗakinta na gaya mata komai. Ta yi dariya har mazarinta ya faɗi, ta ce, “Ashe kai ne ɗan banzan! Kai, mijin nan nawa mugu ne.” Da ta ga ba dariya nake ba, sai ta share ido ta jawo ni kusa. Ta ce, “Saurara. Kada ka faɗa yanzu, ciwon ɗanye ne. Bari damina ta zo, ya faɗi ranar shuka, a ga maganarsa ta tabbata, bakin 'yan tsokana ya mutu. Ran nan ni da kaina zan zaunar da shi in gaya masa, in ga ƙaryar kunya. Zai ji daɗi, na san abin da na haifa.” Shawara ce mai kyau, har yau ban ga laifinta ba. Na koma makaranta jiran sakamakon jarrabawa da taimaka wa Malam, ina ƙirga zuwan damina.

Da bazara, zafi ya yi zafi, sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Wata rana da hantsi aka kira ni daga aji, na tarar da Baffa tsaye riƙe da keken aro, ba dariya a fuskarsa. Tun daga nan na sani. Baba kwana biyu kawai ya yi yana jinya. Kafin mu isa an riga an binne shi, ƙasar kabarin busasshiya ƙamas, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba tukuna a shekarar.

Muna zaman makoki a ƙofar gida, masu gaisuwa sun ɗan tsagaita, kakata tana daga cikin zaure, sai Baffa ya matso kusa da ni. Ina jin so yake ya faɗi wani abin kirki game da ɗan'uwansa, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce, “Ka san labarin ruwan makarantarku da na riƙa bayarwa? Akwai sauran da ban taɓa faɗa ba, don ba abin dariya a ciki. Da muka sayar da audugar muka kamo hanya, muka kai rafi. Muna shayar da jaki sai ya ce, ‘Ka lura da yadda aka jera shi? Ƙamshi tukuna, sannan iska, sannan shiru. Shirun nan shi ya ci ni. Wanda ya yi wannan ɗan manomi ne, ya zauna kusa da ubansa ya kasa kunne. Ko ɗan wane ne, ubansa ya yi dace.’ Can kuma ya ce, ‘Ni nawa, shekara da shekaru ina yi wa jaki magana a gabansa. Ban sani ba ko ya taɓa ji.’”

A cikin zaure na ji kakata ta saki wani irin kuka, ba irin na makoki ba. Baffa ya waiga, ya dawo da ido kaina, bai gane ba. Na daɗe ina kokawa da kalmar kafin ta fito. Na ce, “Baffa, ni ne.”

Ya dube ni, ya dube ni. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, “Kai yaro. Kai yaro, me ya hana ka faɗa?”

Na tashi na zaga bayan gida, inda jakin yake ɗaure a turkensa, ba wanda ya tuna ya ba shi ruwa tun safe. Na ɗebo na ajiye masa, na tsaya har ya sha. Sannan na dafa wuyansa, daidai inda gashin ya kwanta saboda hannun Baba, na ce masa, “Na ji. Duk abin da ya gaya maka, na ji.”

Jakin ya kaɗa yagaggen kunnensa, ya mai da kai cikin bokiti.